Faɗaɗa sauti: wa zai ji, kuma me za a ji?

Wanda ya ajiye lasifika biyu a gabansa yakan ɗauka ta dama kunnen dama take yi wa magana, ta hagu kuma na hagu. Ba haka abin yake ba. Sautin kowace yana shiga kunnuwa biyu, sai dai kunnen da ke nesa yana samunsa a makare, da jinkirin da bai kai kashi ɗaya cikin dubu na daƙiƙa ba. Wannan ƙetarowar ce ke ƙuntata kiɗa tsakanin akwatunan biyu. Matsalar tana nan tun 1931 da Alan Blumlein ya yi rajistar sitiriyo a Ingila. A farkon shekarun 1960 Bishnu Atal da Manfred Schroeder na Bell Labs a Amurka suka kawo magani: lasifikar hagu ta saki kishiyar sautin da ya ƙetaro daga dama, su haɗu a bakin kunne su kashe juna. Yau manhajar kwamfuta na yin aikin, har kiɗa ya zarce inda akwatunan suke, ya zagayo gefen mai sauraro.

Ina goyon bayan matashin da ke haɗa kiɗa a ɗakinsa a unguwar Kara-Kara ta Damagaram ya gwada, domin gwajin bai cin kuɗi. Ya matso da lasifikun kusa da juna, ya jingine katifa a tsaye tsakaninsu har ta kusa taɓa hancinsa, ta tare ƙetarowar. Nan take zai ji ɗakin ya buɗe. Abin da ban yarda da shi ba shi ne a dinga cusa dabarar kishiyar sautin cikin kowace waƙar da za a fitar. Ta mutum ɗaya ce, mai zaune a tsakiya. Ya goce kaɗan, ta watse. Mu kuwa a Damagaram tare muke jin kiɗa: a fada wajen shayi, a gidan biki, a shagon mai caji, yawanci ta waya ko akwati guda. Idan aka cure dama da hagu a lasifika ɗaya, kishiyoyin da aka dasa sai su cinye wani sashe na ainihin kiɗan, murya ta koma kamar daga cikin tulu.

Za a ce to abin wasan masu hali ne. A'a, yana da gurbinsa. Kiɗan fadar Sarkin Damagaram ba daga wuri guda yake fitowa ba. Ranar hawan salla masu kakaki na nan, mai algaita na can, tambura na amsawa, maroƙi na ratsa jama'a, katangun Birni na maido da amo. Tsayuwar kowa ɓangare ne na kiɗan, kuma ita ce ke fara ɓacewa idan aka ɗauka da waya. Ɗauka da makirfo biyu masu tazarar kunnuwan mutum tana riƙe ta. Wani zai ce ai abin sawa a kunne ya wadatar, tunda babu ƙetarowa a cikinsa. Gaskiya ne, amma sau da yawa yakan tara sautin cikin ka, alhali lasifika, idan an kashe ƙetarowar, a gabanka take shimfiɗa filin.

Masu sitidiyo na Damagaram, kafin ku saki waƙar biki ku saurare ta a akwati guda. Dabarar faɗaɗa sauti kuma ku kai ta ƙofar fada, ku ɗauko mana makaɗan sarki tun dattawansu na raye.