Keigo Higashino, Gwanin Ɓoye Abu a Fili

Al'adar littattafan binciken kisa ita ce a ja wa mai karatu rai. A tsinci gawa, a tara mutum biyar ko shida da ake zargi, sai a shafukan ƙarshe mai bincike ya nuna ɗaya da yatsa. Keigo Higashino, marubucin Japan da aka haifa a Osaka a 1958, ya iya wannan tsari kuma ya sha yin sa. Amma inda ya yi wa tsararsa fintinkau shi ne inda ya yi watsi da shi. A littafinsa na 2005, Yogisha X no Kenshin, wanda ya fito da Turanci a 2011 da sunan The Devotion of Suspect X, kafin ka gama babi na biyu an yi kisan a gaban idonka. Ka san wadda ta yi, ka san da me ta yi, ka san dalili. Duk da haka littafin ba ya ajiyuwa, kuma sai a ƙarshe za ka gane an yi maka wayo tun daga shafin farko, ba tare da an yi maka ƙarya ko sau ɗaya ba.

Yasuko Hanaoka bazawara ce mai aiki a wani shagon sayar da abincin rana a Tokyo, tana zaune da 'yarta Misato. Tsohon mijinta Togashi, wanda ya mai da ita saniyar tatsa, ya gano inda ta koma, ya biyo ta neman kuɗi. Rigima ta kaure, yarinyar ta kwaɗa masa tulun fure a ka, ya yi kanta, uwar ta shaƙe shi da wayar lantarkin kotatsu, teburin nan da mutanen Japan ke ɗumama ƙafa a ƙarƙashinsa lokacin sanyi. Suna tsaye a kan gawa sai ga maƙwabci a bakin ƙofa. Ishigami ne, malamin lissafi a makarantar sakandare, mutum marar yawan magana, wanda kullum yake sayen abinci a shagon nan don kawai ya sa ta a ido. Ya riga ya fahimci abin da ya faru. Ya karɓi ragamar komai, da sharaɗin su bi umarninsa sau da ƙafa.

Tun a nan marubucin ya yi aikin farko: ya sauya wa mai karatu ɓangare. Kai da ka saba bin bayan 'yan sanda, yanzu gabanka ne ke faɗuwa duk lokacin da ɗan sanda Kusanagi ya tunkari gidan Yasuko. Wanda kuwa ke fargabar kada asiri ya tonu ba ya tsayawa ya tambaya ko asirin da ya sani shi ne asirin gaskiya.

An tsinci gawa a bakin tsohon kogin Edogawa, an farfasa fuskar, an ƙone yatsun, tufafin an cinna musu wuta amma ba su gama ƙonewa ba, ga wani keken sata a kusa da zanen yatsu a jikinsa. Zanen ya dace da wanda aka samu a ɗakin hayar da Togashi ya kama. 'Yan sanda suka tsayar da cewa an yi kisan ranar 10 ga Maris. Aka tambayi Yasuko inda take a daren, ta ce ita da 'yarta sun je sinima, sun ci taliyar ramen, sun wuce gidan waƙar karaoke. Tikitin sinimar ma ba ta yi gaggawar fito da shi ba, sai da aka tambaya ta lalubo guntunsa a cikin ɗan littafin tallar fim ɗin, inda duk mai sakaci zai iya cusa shi ya manta. Ishigami ne ya tsara hakan, don ya san shaidar da ta cika tsaf ita ce ke jawo zargi. Sai 'yan sanda suka duƙufa a kan maganar sinima. Ba ta da ƙarfin da za su sallama, ba ta kuma da raunin da za su rusa. Mai karatu ma nan yake maƙale, yana mamakin yadda aka ƙirƙiri wannan shaida.

Wanda bai karanta littafin ba, kuma yana son ya sha mamakinsa da kansa, ya tsallake sakin layi biyu masu zuwa.

Ba a ƙirƙiri komai ba. Matan nan sun je sinima da gaske ranar 10 ga Maris, domin Togashi ranar 9 ya mutu. Gawar da aka tsinta ta wani ce. Ishigami ya samo wani bawan Allah marar matsuguni, ya ba shi makullin ɗakin Togashi don gashinsa da zanen yatsunsa su zauna a wurin, ya sa shi ya hau keken, sannan ya kashe shi ranar 10 da irin hanyar da aka kashe Togashi. Saboda haka duk tambayar da aka yi wa Yasuko game da wannan dare, gaskiya take faɗa, kuma mai faɗin gaskiya ba ya tuntuɓe a bakinsa. Ita kanta ba ta san dalilin da ya sa ake ta tambayarta ranar 10 ba. In ka koma babin kisan ka duba, marubucin bai ambaci kwanan wata ba. Kai ne ka ji 'yan sanda sun ce 10, ka ɗauka ka liƙa wa abin da ka gani.

Abin da ya fi burge ni shi ne inda ya ajiye mamacin. A shafukan farko Ishigami na tafiya makaranta ta bakin kogin Sumida, yana wuce bukkokin leda na marasa gida, yana lura da su ɗaya bayan ɗaya. Akwai wani sabon zuwa wanda har yanzu bai fid da rai da samun aiki ba, Ishigami ya laƙaba masa suna Injiniya a zuciyarsa. Mai karatu ya ɗauka kwalliyar buɗe labari ce, ya wuce. Daga baya gurbin mutumin ya zama wayam, ba wanda ya tambaya. Dabarar Ishigami ta dogara ne da cewa akwai mutanen da in sun ɓace ba mai cigiyarsu, dabarar Higashino kuma ta dogara da cewa mai karatu ma haka zai yi. Shi ya sa idan asirin ya fito, bayan mamaki har da 'yar kunya mutum ke ji.

Kuma bai hana ka alamu ba. Akwai inda Ishigami ke yi wa Kusanagi bayanin yadda yake shirya wa ɗalibai jarrabawa: yakan kawo tambaya mai kama da ta wani reshen lissafi alhali ta wani reshen ce daban, don ya kama masu amsawa da zato. Ya faɗi sirrin littafin gaba ɗaya a bakin mai laifin, a gaban ɗan sanda, amma ya wuce kamar hirar malamai. Wanda ya tsinci maganar shi ne Manabu Yukawa, masanin kimiyyar fiziya da 'yan sanda ke yi wa laƙabi da Galileo, abokin karatun Ishigami a jami'a. Shi ma ba wani gwajin kimiyya ne ya fara sa shi zargi ba. Ya ji tsohon abokinsa, mutumin da bai taɓa damuwa da kamanninsa ba, ya dubi inuwarsa a gilashi yana ƙorafin gashinsa ya zube. Nan Yukawa ya gane akwai mace a lamarin.

Irin wannan tsari yana da alaƙa da inda mutumin ya fito. Higashino injiniyan lantarki ya karanta a jami'ar jihar Osaka, ya kama aiki a kamfanin Nippon Denso mai ƙera kayan mota a 1981, yana rubutu bayan tashi daga aiki. A 1985 littafinsa Hokago, labarin kisa a wata makarantar 'yan mata, ya ci kyautar Edogawa Rampo ta sababbin marubuta, shekara ta zagayo ya ajiye aiki ya koma Tokyo. Shahara ba ta zo nan take ba. Ya shafe sama da shekara goma yana fitar da littattafai kafin littafinsa Himitsu na 1998 ya ɗaga shi, kuma kyautar Naoki, wadda ita ce babba ga marubutan labaran jama'a a Japan, sau biyar yana shiga jerin 'yan takara yana faɗuwa kafin labarin Ishigami ya kawo masa ita a 2006. Rubutunsa ba shi da ado. Jimlolinsa gajeru ne, kamar rahoton aiki, har wasu na ganin hakan naƙasu ne. Ni kuwa ina ganin da gangan ne, domin mai yi maka magana a sauƙaƙe ba ka cika zarginsa da ɓoye wani abu ba.

A littafinsa Akui, na 1996, ya yi wasan ta wata fuskar. An kashe fitaccen marubuci Hidaka, abokinsa Nonoguchi ne ya rubuta bayanin yadda abin ya faru, kuma ba a je ko'ina ba mai bincike Kaga ya kama Nonoguchin. Saura tambaya ɗaya: me ya sa? A farkon bayanin nasa, Nonoguchi ya saka ɗan labarin cewa Hidaka ya sa wa kyanwar maƙwabciya guba. Abu ne ƙarami da bai shafi kisan ba, amma daga nan mai karatu da Kaga duk sun yanke hukuncin cewa mamacin mugu ne, duk wani sharrin da aka jingina masa daga baya sai ya zauna daram. Ƙage ne aka dasa tun da wuri don ya yi wannan aikin. A Byakuyako kuma, na 1999, wanda ya fara da kisan wani mai karɓar jingina a Osaka a 1973 ya bi yara biyu har shekara 19, bai taɓa shigar da kai cikin zuciyar ko ɗayansu ba. Ta idon mutanen da ke kewaye da su kawai kake ganinsu.

Ba a rasa masu suka ba. Marubuci Reito Nikaido ya tayar da muhawara a kan cewa labarin Ishigami bai cika sharuɗɗan honkaku ba, wato salon da dole a bai wa mai karatu isassun hujjojin da zai warware da kansa. Yana da 'yar gaskiya, don Yukawa ya fi dogara da sanin halin abokinsa fiye da hujjar da za a kai kotu. Ni abin da na fi gani rauni shi ne Yasuko kanta, wadda a mafi yawan littafin ake juyawa kamar ɗan dara a hannun maza. Sai dai hakan bai hana labarin ƙetare teku ba. An yi fim ɗinsa a Japan a 2008, a Koriya ta Kudu a 2012, a Sin a 2017. Masu kallon finafinan Indiya a cikinmu wataƙila sun gamu da shi ba su sani ba: Jaane Jaan na 2023, wanda Kareena Kapoor ta fito a ciki, shi ne aka ɗauke daga Tokyo aka kai garin Kalimpong, aka haɗe ɗan sanda da tsohon abokin malamin suka zama mutum ɗaya.

Akwai kuma lokacin da ya kai wasan maƙura. A Dochiraka ga Kanojo o Koroshita, shi ma na 1996, wata budurwa ta mutu, yayanta ɗan sandan hanya ya ɓoye shaidu don ya ɗau fansa da hannunsa. Mutum biyu kacal ake zargi, tsohon saurayinta da aminiyarta. Littafin ya ƙare bai faɗi sunan wanda ya yi ba. Amsar tana cikin wanda ke amfani da hannun dama da wanda ke amfani da hagu, sai mai karatu ya koma baya ya bi diddigin yadda kowa ya yi amfani da hannunsa. Da aka zo buga ƙaramin bugu mai araha, sai aka cire wata alama da ta sauƙaƙa abin a bugun farko, aka ƙara wasu shafukan jagora a ƙarshe waɗanda aka liƙe bakinsu, sai mutum ya sa almakashi ya yanke kafin ya karanta.