Tarken Faifan Ustaz Muhammad Umar: Abin da Rubab Ya Faɗa da Abin da Aka Bari

A shekarar 1974, Ustaz Muhammad Umar, gwanin makaɗan Afganistan, ya zauna gaban jama'a a Jami'ar Washington da ke birnin Seattle na Amurka, riƙe da rubab. Gefensa kuma akwai matashin makaɗin tabla ɗan Indiya, Zakir Hussain. An naɗi wasan, amma sai a 2002 kamfanin Smithsonian Folkways ya fitar da shi, shekara ashirin da biyu bayan rasuwar Ustaz. Yau mutane da yawa a wajen Afganistan ta wannan faifai suka fara sanin kiɗan ƙasar. Don haka ya dace a tambaya: me ya nuna, me kuma ya ɓoye?

Rubab abin kiɗa ne da ake sassaƙawa daga kututturen itacen da suke kira tut, a rufe cikinsa da fatar akuya. Tsirkiya uku ce ke ɗauke da karin kiɗan, sannan akwai wasu fiye da goma da ba a taɓa su, sai dai su amsa da kansu idan sautin da ya dace da su ya tashi. Sautin rubab ba ya daɗewa; da an kaɗa, sai ya mutu. Gwanintar Ustaz tana cikin yadda ya yi maganin wannan rauni. A sashen buɗewa da ake kira shakal, inda babu ganga, yakan saki sauti ɗaya ya dakata, ya bar tsirkiyoyin amsawa su cike gurbin. Idan aka shiga nagma, wato sashen da ke tafiya da tabla, sai hannunsa ya yi sauri har kunne ya daina rarrabe bugu da bugu. Ba ya gaggawar nuna iyawa, kuma wannan haƙuri shi ne babban abin yabo a faifan.

Amma akwai gyara. Mafi yawan faifan ya tsaya ne kan kiɗan fada na Kabul, wanda tushensa ke komawa zamanin Sarki Sher Ali Khan, lokacin da aka kawo makaɗa daga Indiya aka zaunar da su a unguwar Kharabat. Kare-karen da Ustaz ya zaɓa, irin su Emen da Bopali, 'yan uwa ne na jini ga na Indiya. An ma ware wa tabla fage guda ita kaɗai. Sai a ƙarshe ne ya kaɗa Keliwali, wato kiɗan ƙauye, inda rubab ya yi magana da bakin mutanen karkara. Wanda ya tsaya nan zai ɗauka cewa ya ga Afganistan, alhali zaure kawai ya shiga. Ba zai ji dutar na Herat ba, ko dambura ta arewacin ƙasar, ko daira da mata ke kaɗawa a gidajen biki.

Ba za a ɗora wa Ustaz laifin wannan ba, domin abin da ya gada ya kaɗa. Gargaɗin na manazarta ne, saboda giɓin ya yi nauyi a yanzu. Taliban sun hana kiɗa daga 1996 zuwa 2001, kuma da suka dawo a 2021 sai ɗalibai da malaman makarantar kiɗa da Ahmad Sarmast ya kafa a Kabul suka yi hijira zuwa Fotugal. A 2023 an ƙona kayan kiɗa a lardin Herat. Kiɗan fada yana da faifai da almajirai a ƙetare, har UNESCO ta sanya sana'ar rubab cikin gadon ɗan Adam a 2024. Kiɗan ƙauye da na mata kuwa, yawancinsa a hannu da ƙirji yake, kuma idan mai shi ya yi shiru, ya tafi ke nan.

Saboda haka a saurari faifan Ustaz Muhammad Umar da girmamawar da ta dace da shi, sannan a nemi sauran. Idan aka bar shi ya zama ma'aunin kiɗan Afganistan baki ɗaya, to masu yabonsa sun taya masu hani shafe abin da ba a naɗa ba.