Kafin ka girka React, ɗauko wayar Itel

Abin da ake fara koya wa matashin da ya zo koyon gina shafukan intanet yanzu shi ne ya buɗe baƙin allon nan na umarni, ya rubuta layi ɗaya, ya zauna jira. In sabis ya yi kyau, cikin 'yan mintuna kwamfutarsa za ta haifi wata folda mai suna node_modules, cike da ɗaruruwan fakiti na mutanen da bai taɓa jin sunansu ba, alhali bai rubuta ko kalma ɗaya da mai ziyartar shafin zai karanta ba. Ko shafin makarantar sakandare ne, ko na mai sayar da atamfa da leshi, ko fom ɗin neman aiki, hanyar ɗaya ce: React tukuna, sauran su biyo baya. Ni dai a ganina wannan ɗabi'a ta yi mana ɓarna, kuma wanda yake biyan kuɗin ɓarnar ba ya wurin sa'ad da aka yanke shawara.

Ba ƙin React nake yi ba. Kamfanin Facebook ya sake shi ga jama'a a 2013 domin wata matsala ta gaske da ta dame shi: shafi guda mai sassa barkatai da ke canzawa a lokaci ɗaya, ga saƙo ya shigo, ga adadin sanarwa ya ƙaru, ga wani ya yi tsokaci a ƙasa. Wanda ke gina abu irin wannan yana da hujjarsa. Amma ayyukan da suke zuwa hannun yawancinmu rubutu ne da hoto da fom, abubuwan da burauza ta iya nunawa tun kafin a haifi wasu daga cikin masu koyon.

Ga inda bambancin yake. Idan uwar garke ta aiko da shafi a rubuce da HTML, burauza tana fara nuna shi tun bai gama isowa ba, kanun labari ya bayyana, mutum ya fara karatu. Idan kuwa an bar wa React ya zana komai a cikin wayar mai ziyara, abin da ke fara isowa fanko ne. Sai wayar ta sauko da fayil ɗin JavaScript, ta karance shi, ta gudanar da shi, sannan shi kuma ya koma ya roƙo bayanan da za a nuna. Duk tsawon wannan lokaci farin allo mutum yake kallo. Kuma JavaScript sau biyu yake cin mutum: ya ci datarsa wajen saukowa, ya ci ƙarfin wayarsa wajen aiki. Hoto mai kilobait 300 da kod mai kilobait 300 ba nauyinsu ɗaya ba a wajen ƙaramar waya, domin hoton nuna shi kawai za a yi, shi kuwa kod sai an bi shi layi-layi, kuma muddin ana binsa, ko mutum ya danna maɓalli ba abin da zai motsa. Ƙididdigar HTTP Archive, mai auna miliyoyin shafuka, ta daɗe tana nuna cewa matsakaicin shafi ya haura megabait 2.

Mai ginin ba ya ganin wannan, saboda a kan laftop mai ƙarfi yake aiki, shafin kuma daga cikin laftop ɗin yake buɗewa, babu tafiya babu jira. Wanda aka yi shafin dominsa yana riƙe da Tecno ko Itel ko Infinix, wayoyin kamfanin Transsion na Shenzhen da suka mamaye kasuwanninmu, wata mai gigabait 2 na ƙwaƙwalwa wadda WhatsApp da Facebook suka riga suka cinye rabi. Datar da ya saya ƙidayayyiya ce, sabis kuma yana hawa yana sauka. Uba ne da ke son duba sakamakon jarrabawar 'yarsa, ya danna, allo ya yi fari, ya sake dannawa, daga ƙarshe ya haƙura ya nufi shagon intanet ya biya a duba masa. Ba zai taɓa kai ƙara ba, don a zatonsa laifin wayarsa ne. Wannan shi ne abin da ya fi ci mini rai a lamarin.

Manyan da muke kwaikwayo ma sun san da haka. A 2017 injiniyoyin Netflix suka cire React daga ɓangaren burauza na shafinsu na farko, wanda baƙo ke gani kafin ya yi rajista, suka maye gurbinsa da ɗan JavaScript tsura, lokacin da shafin ke ɗauka kafin ya fara amsa dannawa ya ragu da rabi. GitHub ya raba shafinsa da laburaren jQuery a 2018. A 2022 masu kula da GOV.UK, shafin gwamnatin Birtaniya, su ma suka cire jQuery, suka rage kimanin kilobait 30 kacal, amma suka auna suka ga waɗanda suka fi amfana su ne masu tsofaffin wayoyi da raunin sabis. Ƙasa mai wadatar intanet ke nan take lissafin kilobait 30. Mu fa?

Saboda haka kayan aikin da nake so a fara damƙa wa ɗalibi shi ne wanda ke cikin burauzarsa kyauta. A Chrome ko Firefox, danna F12, ka shiga sashen Network. Akwai wani ɗan akwati a sama da ake rage gudun intanet da shi. Zaɓi 3G, ka sa alamar hana amfani da ajiyayyun fayiloli, ka sake loda shafin, ka naɗe hannu ka kalla. Za ka ga fayilolin suna jeruwa ɗaya bayan ɗaya, kowanne da sandarsa mai nuna tsawon jiransa, a can ƙasa kuma an rubuta adadinsu da jimillar nauyinsu. Yawanci mutum ba ya kai ƙarshen jerin bai ga ɓarawon ba: hoton shugaban makaranta da aka ɗauko kai tsaye daga kyamara mai megabait 4, ko laburaren gumaka sukutum da aka sauko da shi domin alamar waya guda ɗaya. A Chrome akwai kuma sashen Coverage, wanda ke nuna maka a kan kowane fayil yawan kod ɗin da aka sauko da shi ba a taɓa shi ba. A sashen Performance kuma kana iya rage ƙarfin kwamfutar ninki 4 don ta yi kusa da ƙaramar waya.

Duk wannan kwaikwayo ne, bai kai wayar gaske ba. Nemi mai arha, ko ta hannu ce daga kasuwar 'yan waya, ka ajiye ta a teburin aikinka. Shiga saitinta, inda aka rubuta bayanin waya, ka danna lambar ginin manhaja sau 7, sashen masu ƙera manhaja zai buɗe. Kunna binciken USB, ka jona ta da laftop da kebul ɗin caji, ka rubuta chrome://inspect a Chrome na laftop ɗin. Daga nan duk abin da ke faruwa a cikin wayar kana ganinsa a babban allo, har kana iya tura mata shafin da kake kan ginawa tun bai hau intanet ba. Kashe Wi-Fi, ka sa mata layi, ka cike fom ɗinka da babban yatsa kamar yadda jama'a za su yi. A nan ne za ka gane maɓallin aikawa ya ɓuya a bayan allon rubutu, ko kuma in sabis ya yanke a tsakiya duk abin da mutum ya rubuta ya tafi. Google ya sa ma'auni: babban abin da ke shafi ya bayyana cikin daƙiƙa 2.5, dannawa kuma ta samu amsa cikin kashi ɗaya bisa biyar na daƙiƙa. Ma'auni ne mai kyau, amma a wannan wayar nake so a cika shi. Makin manhajar auna shafi ta Lighthouse da ake ɗauka a hoto ana yaɗawa, wanda aka samu a ofis mai intanet mai ƙarfi, bai gaya mini komai game da uban nan ba.

Abin da mutane da yawa ba su lura ba shi ne burauza ta girma. Yawancin dalilan da suka sa aka rungumi laburare shekaru goma sha biyar da suka wuce sun kau. Tun 2017 manyan burauzoji suka karɓi CSS Grid, wanda ke tsara shafi ginshiƙi-ginshiƙi ba tare da an jawo komai daga waje ba. Akwatin da ke tasowa a tsakiyar allo yana da alamarsa ta HTML, dialog, wadda ta samu shiga ko'ina a 2022. Tambaya da amsa masu buɗewa da rufewa, details ta ishe su. Kalma ɗaya a jikin hoto, loading="lazy", tana hana shi saukowa sai an gangaro kusa da shi. Hotunan kansu a mayar da su WebP ko AVIF. Squoosh yana yin wannan a cikin burauza, kana ganin na asali da matsattse gefe da gefe. Sai salon haruffa: kafin ka ɗora wa shafin Hausa wani salo daga waje, rubuta "ɗan ƙauye ya ɓata" da shi ka duba, domin da yawansu ba su da ɗ da ƙ da ɓ, sai burauza ta aro su daga wani salon, kalma ta fito a karkace. Haruffan da suka zo da wayar galibi suna da su, kuma ba sa cin data.

Akwai kuma batun amana. Duk fakitin da ka girka, ka shigo da aikin wani cikin naka, tare da na duk waɗanda shi ma ya dogara da su. A watan Maris na 2016 wani mai rubuta manhaja, Azer Koçulu, ya samu saɓani da kamfanin Kik da kuma npm, rumbun da ake ɗauko fakitocin, a kan sunan wani fakitinsa, ya fusata ya janye duk fakitocinsa. A cikinsu akwai left-pad, layi 11 kacal, aikinsa cike gurbi a gefen hagu na rubutu. Ashe dubban ayyuka a kansa suke tsaye, har da Babel da masu React ke amfani da shi, sai gini ya tsaya cak a ko'ina har npm ya maido da shi. A 2018 kuma mai fakitin event-stream ya gaji da kula da shi, ya miƙa wa wani baƙo da ya nuna sha'awa, baƙon ya cusa kod na satar kuɗi daga asusun Bitcoin na Copay. Hausawa sun ce zanen aro ba ya rufe katara. Ban ce kada a yi aro ba, ba wanda zai ƙera komai da kansa. Amma kafin ka girka, tambayi kanka ko layi ashirin na hannunka zai yi aikin, ka duba yaushe aka taɓa fakitin na ƙarshe da kuma fakiti nawa yake jawowa a bayansa. Ka sa package-lock.json cikin Git, a wajen ɗora shafi kuma ka yi amfani da npm ci, don abin da ka gwada ya zama shi ne ya hau.

Na san amsar da matasa za su ba ni, kuma tana da ƙarfi: tallan aiki React suke nema, musamman ayyukan ƙasashen waje da ake biya da dala. Gaskiya ne, a koye shi, a ƙware. Jerin ne nake jayayya da shi. Wanda ya fara da HTML da CSS da JavaScript tsura, ya san yadda fom ke tafiya zuwa uwar garke ya dawo, zai koyi React a gaggauce, kuma zai san ranar da ba a bukatarsa. Wanda ya fara da React, duk lokacin da kayan suka canza sai ya koma farko, kuma suna canzawa: Create React App, da aka yi shekaru ana koyar da shi a matsayin ƙofar shiga, masu React da kansu sun yi masa ritaya a watan Fabrairu na 2025. Manhajojin ƙirƙirarriyar basira da ke rubuta kod sun ƙara wa abin gudu, domin in ka ce su gina maka shafi ba ka yi bayani ba, sau da yawa React za su miƙo maka. Faɗa musu ƙarara cewa HTML da CSS kake so, ba tare da laburare ba, za su yi.

Tsakanin tsura da lodi kuma akwai hanyoyi. Astro yana barinka ka yi gini gunduwa-gunduwa yadda masu React suka saba, amma HTML yake aikawa, sai inda ka ce a sa JavaScript. Da htmx kana sabunta wani yanki na shafi daga uwar garke da 'yan kalmomi a jikin HTML. Laravel da Django suna nan, haka WordPress da ake yi wa kallon tsohon yayi alhali sama da kashi 40 cikin 100 na shafukan duniya a kansa suke.

A aikace, abin da nake ba da shawara shi ne a yanke wa shafi iyakar nauyi tun ranar farko, a rubuta ta a takardar yarjejeniya kusa da farashi: shafin farko ba zai wuce kilobait kaza ba, kuma zai buɗe cikin daƙiƙa kaza a waya kaza. Da zarar an rubuta, duk wani ƙari sai ya kare kansa, har da bidiyon da mai aikin ya ce a sa ya riƙa kunna kansa a sama. A riƙa ajiye canje-canje a Git ƙanana-ƙanana, don in shafi ya yi nauyi dare ɗaya, git bisect ya nuna wane canji ne ya jawo. A kuma tuna da ranar da mai aikin zai kira bayan shekara biyu yana so a canza lambar waya. Shafin farko na duniya, wanda Tim Berners-Lee ya rubuta a cibiyar CERN a farkon shekarun 1990, har yau yana buɗewa a kowace burauza. Aikin da ke tsaye kan ɗaruruwan fakiti kuwa, in aka bar shi shekara biyu, sau da yawa ko tashi ba ya yi sai an kwana ana lallashin Node da sigoginsa, kuma mai aikin ba zai fahimci dalilin da zai sa ya biya kuɗin yini biyu a kan lamba goma sha ɗaya ba.