Masu rabon filin da ido ba ya gani

Duk wayar Android da ke hannun jama'a, daga ta mai shayi har ta gwamna, Linux ce ke tafiyar da ita daga ƙasa. Zuciyar wannan tsari, wato kanel, ita ce ke raba wa kowace manhaja wurin da za ta ajiye kayanta a ƙwaƙwalwar na'ura. Mutanen da ke zana wannan rabo aikinsu ya yi kama da na masu awon fili: su shata iyaka, su bar hanya, su keɓe wurin da ba a yarda kowa ya yi gini ba. A ganina, a duk fannin kwamfuta da wuya a samu gwanintar da ta kai tasu, kuma ba kasafai ake jin sunansu ba.

Kowace manhaja tana ɗauka ita kaɗai ce a cikin na'urar. WhatsApp za ta nemi abin da ke adireshi kaza, Facebook ma ta nemi lamba iri ɗaya, kowacce ta samu nata, ba a yi karo ba. Dalili shi ne adireshin da aka ba su na aro ne. Furosesa ce ke mayar da shi adireshin gaskiya a cikin RAM, ta hanyar duba wasu tebura da kanel ta tsara. Dabarar ta girmi yawancinmu: kwamfutar Atlas da Tom Kilburn da abokan aikinsa suka gina a Jami'ar Manchesta ta Ingila, wadda aka ƙaddamar a 1962, ita ce ta fara aiki da ita.

Ga yadda abin yake a yawancin kwamfutocin yau masu furosesar Intel ko AMD. Ana yanka ƙwaƙwalwa shafi-shafi, kowane shafi bayit 4096. Adireshi yana da bit 48 masu aiki. Guda 12 na ƙarshe suna nuna wuri a cikin shafin. Sauran 36 an kasa su kashi huɗu, tara-tara, kowane kashi yana zaɓar layi ɗaya cikin layuka 512 na wani tebur, layin kuma ya nuna tebur na gaba, har a isa shafin da ake nema. Kowane layi bayit 8 ne. Ninka 512 sau 8, sai ka ga 4096. Ashe kowane tebur ya cika shafi guda cif, ba ragi ba ƙari! Duk lokacin da na sake wannan lissafi sai ya burge ni. Don kada a yi ta hawa matakai huɗun nan a kowane motsi, furosesa tana da ɗan wurin da take riƙe amsoshin da ta samu kwanan nan.

Wahala ce ta koya wa mutanen nan sana'arsu. A zamanin furosesa mai bit 32, duk adireshin da ake da shi bai wuce gigabayit 4 ba. Masu Linux suka ba manhaja 3 na ƙasa, kanel ta riƙe 1 na sama. Windows kuwa ta raba biyu-biyu. Me ya sa kanel za ta zauna cikin filin kowace manhaja? Domin manhaja na kiranta ba dare ba rana, ta buɗe fayil, ta aika saƙo, kuma da a ce kowane kira sai an sauya tebura, da na'urar ta yi nauyi. Amma gigabayit ɗayan nan ya zama ƙangi. Kimanin megabayit 896 ne kawai kanel ke iya gani kai tsaye, domin an keɓe ragowar 128 don wasu bukatu. Abin da ya haura wannan sai ta leƙa shi ta ɗan ƙaramin wuri, ta gama, ta rufe, ta leƙa wani. Da Intel ta fito da Pentium Pro a 1995, wadda ke iya ɗaukar RAM har gigabayit 64, sai lamarin ya ƙara ƙamari. Kanel tana ajiye ɗan bayani game da kowane shafi, kuma shafukan gigabayit 64 sun haura miliyan 16. Rajistar kaɗai ta isa ta cinye fiye da rabin wurin da kanel ke numfashi. Duk da haka sun ja tsarin shekara da shekaru yana aiki.

A 2003 AMD ta kawo furosesar Opteron mai bit 64, fili ya buɗe: terabayit 256, rabi na ƙasa na manhaja, rabi na sama na kanel, a tsakaninsu kuma wani wawakeken rami na adireshin da furosesa ba ta karɓa sam. An bar shi haka da gangan, don ranar da za a bukaci faɗaɗawa. Ranar ta zo. Manyan kwamfutoci suka doshi iyakar terabayit 64 na RAM da Linux ke iya riƙewa, sai a 2017 Linux 4.14 ta ƙara mataki na biyar a kan teburan, adireshi ya koma bit 57, wato petabayit 128.

A nan ne na fi jinjina wa masu kanel. Wasu manhajoji, musamman masu tafiyar da harsuna irin su JavaScript da Lua, sun daɗe da lura cewa bit na sama a adireshi ba sa aikin komai, sai suka riƙa ɓoye 'yan alamominsu a ciki. Da an miƙa musu dogon adireshi, da sun rikice. Ana iya cewa laifinsu ne, su suka yi gini a kan hanya. Masu kanel ba su bi ta nan ba. Suka tsara cewa kowace manhaja za ta ci gaba da samun adireshi a tsohon fili, sai wadda ta nema da bakinta za a shigar da ita sabon. Wannan ya bi ƙa'idar da Linus Torvalds, wanda ya ƙirƙiro Linux, ya kafe a kanta tun da daɗewa: gyaran kanel ba ya zama dalilin lalata manhajar da take aiki jiya.

Hatta wuraren da suka bari fayau suna da aiki. Shafin farko, wanda ya fara daga adireshin sifiri, ba a ba kowa shi, domin manhajar da ta yi kuskuren neman abu a sifiri ta faɗi nan take, kafin ta ɓata bayanan wani. A Janairun 2018 kuma, da aka bayyana ɓarakar Meltdown, wadda ke ba manhaja damar leƙen sirrin kanel a furosesoshin Intel da dama, sai suka cire yawancin kanel daga teburan manhaja, suka haƙura da ɗan saurin da aka rasa.

Ɗalibin kwamfuta da ke da Linux a gabansa ba ya bukatar izinin kowa kafin ya ga wannan aiki. Ka rubuta cat /proc/self/maps, taswirar za ta fito layi-layi, kowane yanki da farkonsa da ƙarshensa da abin da aka halatta a yi a cikinsa. Ka zauna ka karanta ta har ka gane dalilin kowace iyaka.