Jinjina Ga Masu Dakon Bulo

A wuraren gini na Ingila, leburan da ke hidimar birkila ana kiransa “hod carrier”. Sunan ya samo asali ne daga abin dakonsa, wani akwati mai gefe uku da aka kafa kan doguwar sanda. Yakan jera jan bulo kamar 10 ko 12 a ciki, ya saɓa a kafaɗa, ya hau tsani. Aikin kwanon sarki ke nan a wajen leburanmu.

Ƙarfi kaɗai ba ya isa. Mutum ɗaya yakan ɗauki nauyin birkiloli biyu ko uku, yana kwaɓa siminti yana lura da wanda bulonsa ya kusa ƙarewa. In ya yi jinkiri, gini ya tsaya cak.

A Amurka masu wannan dako sun kafa ƙungiyar ƙwadagonsu tun 1903. Ɗan ƙwallon ƙafa Vinnie Jones ma, wanda ya ci kofin FA tare da ƙungiyar Wimbledon a 1988, wannan dakon ya yi kafin ƙwallo ta ɗaukaka shi.

Birkila ake yabo in gini ya tashi, amma rabin yabon na masu dakon bulo ne.