Abu Kafin Suna: Tarken Salon Faraday da Hawking a Littattafan Kimiyya na Gama-garin Masu Karatu

1.0 Gabatarwa

Littattafan kimiyya da ake rubutawa don gama-garin masu karatu wani reshe ne na rubutun zube wanda manazarta harshe da adabi a Nijeriya ba su cika waiwayarsa ba. Ga alama dalilin shi ne malaman adabi na ganin kayan malaman kimiyya ne, su kuma malaman kimiyya na ganin wasa ne da ilmi. Alhali kuwa aikin marubucin irin wannan littafi aikin harshe ne tsantsa, domin ilmin da yake bayarwa an riga an gano shi. Abin da ya rage masa shi ne ya nemo kalmomi da misalai da tsarin da za su kai wannan ilmi ga mutumin da bai taɓa shiga ɗakin gwaje-gwaje ba. Wannan maƙala za ta auna littattafai biyu da suka shahara a wannan fage, wato The Chemical History of a Candle na Michael Faraday, wanda ya fito a 1861, da A Brief History of Time na Stephen Hawking, wanda ya fito a 1988. Manufar ita ce a nuna cewa nasarar irin wannan rubutu ta fi dogara ga jeranta tunani fiye da yawan keɓaɓɓun kalmomi, sannan a duba abin da hakan ke nufi ga masu son a rubuta kimiyya da Hausa da sauran harsunan Nijeriya.

2.0 Faraday da Kyandir

An haifi Faraday a Ingila a 1791, ya rasu a 1867. Ɗan maƙeri ne, bai yi zurfi a makaranta ba, kuma tun yana ɗan shekara 14 aka kai shi koyon ɗinkin littattafai. A nan ne ya karanta littafin Jane Marcet mai bayanin kimiyyar sinadarai ta hanyar hira, littafin da aka rubuta don waɗanda ba masana ba. Ke nan shi kansa Faraday ta ƙofar irin waɗannan littattafai ya shiga kimiyya. Littafinsa na kyandir ya samo asali ne daga laccoci shida da ya gabatar wa yara da matasa a cibiyar Royal Institution ta birnin Landan, da farko a 1848, daga baya kuma a ƙarshen 1860 zuwa farkon 1861. William Crookes ne ya shirya su don bugawa.

Jigon littafin ƙarami ne a ido, wato abin da ke faruwa idan kyandir yana ci. Sai dai zubi da tsarinsa ne abin lura. Faraday yakan fara da abin da kowa ya taɓa gani amma bai taɓa tambaya a kansa ba. Alal misali, saman kyandir mai ci yakan yi ɗan ƙoƙo wanda narkakken kaki ke taruwa a ciki. Bayaninsa shi ne, zafin wutar na sa iska ta riƙa tasowa daga ƙasa tana shafar gefen kyandir ɗin, sai ta sanyaya bakinsa, tsakiya ta narke, gefe ya tsaya da ƙarfinsa. Daga nan sai tambaya ta biyu ta taso da kanta, wato yadda narkakken kakin ke hawa lagwani zuwa sama, alhali ruwa gangara yake yi. A nan sai ya kawo misalin tawul da aka bar gefensa cikin kwanon ruwa, ruwan ya bi zaren ya hau har ya tsiyaye waje. Tun kafin ya kawo misalin ya faɗi sunan da masana suka ba shi, amma ya ja hankalin yaran da kada sunan ya dame su, domin an raɗa shi tun ba a gama fahimtar al'amarin ba.

Haka ya ci gaba mataki-mataki. Ya hure kyandir, ya kawo wuta kusa da farin hayaƙin da ke tashi, sai wutar ta bi hayaƙin ta koma kan lagwani, abin da ya tabbatar da cewa tururin kakin ne ke ci. Ya sauko da takarda a kan harshen wutar, sai ƙunar ta fito da siffar zobe, wato zafin ya fi yawa a gefe inda tururi ke haɗuwa da iska. Ya nuna cewa hasken kyandir daga ƙananan ɓurɓushin gawayi ne da suka yi jajur cikin wutar, su ne kuma ke zama baƙin hayaƙi idan iska ta yi kaɗan. Ya nuna cewa wutar kyandir na samar da ruwa, sannan ya raba ruwan da lantarki gida biyu. Bai tsaya yin cikakken bayanin iskar oksijin ba sai a lacca ta huɗu, bayan mai sauraro ya riga ya ji ƙishirwar sanin abin da ke cikin iska wanda wuta ba ta rayuwa sai da shi. A lacca ta shida ya haɗa cin kyandir da numfashin ɗan'adam, ya nuna cewa iskar da kyandir ke fitarwa ita ce mutum ke fitarwa daga huhunsa, domin abinci ma ƙonewa yake yi a jiki sannu a hankali.

Littafin bai rasa naƙasu ba. Na farko, magana ce da aka mayar rubutu, don haka sau da yawa marubucin na nuni ga kayan aiki da ke kan teburinsa waɗanda mai karatu ba ya gani sai ta ɗan zane. Na biyu, wasu sunayen sinadaran sun tsufa, an canza su. Na uku, bai yi bayanin ƙonewa ta fuskar ƙwayoyin zarra ba, wanda shi ne ginshiƙin bayanin da ake koyarwa a makarantu a yau. Duk da haka littafin bai daina aiki ba. Lokacin da Akira Yoshino na ƙasar Japan ya sami kyautar Nobel ta kimiyyar sinadarai a 2019 saboda aikinsa a kan batirin litiyom, ya bayyana cewa wannan littafi ne ya fara cusa masa sha'awar kimiyya tun yana firamare. Abin da ya kamata manazarcin harshe ya lura da shi shi ne, da harshen Japananci yaron ya sadu da Faraday, kuma fassarar ba ta rage wa littafin ƙarfi ba, saboda ƙarfin yana cikin jerin tambayoyin ne.

3.0 Hawking da Balan-balan

Matsalar da Hawking ya fuskanta ta sha bamban. Batunsa shi ne asalin sararin samaniya da lokaci da makomarsu, abubuwan da ba a iya ɗorawa a kan tebur, kuma harshensu na asali shi ne lissafi. Ya faɗa da kansa cewa an gargaɗe shi cewa kowace jumlar lissafi da ya sa za ta rage cinikin littafin da rabi, don haka guda ɗaya tak ya bari, wato ta Einstein mai danganta ƙarfi da nauyi. Ta fuskar kasuwa dabarar ta ci, domin littafin ya yi makonni 237 a jerin littattafan da suka fi ciniki na jaridar Sunday Times, kuma an sayar da fiye da kwafi miliyan 10 cikin shekara ashirin.

To amma idan an cire lissafi, dole a cike gurbinsa da wani abu, kuma abin da Hawking ya cike shi da shi shi ne kamance. Don bayyana faɗaɗar sararin samaniya, ya kawo misalin balan-balan da aka yi wa ɗige-ɗige ana hura ta, kowane ɗigo na nisantar ɗan'uwansa ba tare da an ce wannan ne tsakiya ba. Kamancen ya dace ta fuska ɗaya, amma yana ɗauke da tarko. Mai karatu ya san balan-balan tana da ciki da waje, kuma cikin ɗaki take kumbura, saboda haka zai tambaya cikin me sararin samaniya ke faɗaɗa. Masana na nufin a dubi fatar balan-balan kaɗai a manta da cikinta da wajenta, amma idan ba a nanata wannan iyaka ba, hoton da ya zauna a zuciyar mai karatu zai zama gurgu. Lamarin ya fi tsanani a babin da ya kawo abin da ya kira lokaci na zato, inda ya kamanta farkon halitta da ƙuryar arewa ta duniya, wadda babu wani wuri da ya fi ta arewa. Wannan tunani daga wata dabara ta lissafi ya fito, kuma da aka cire lissafin sai mai karatu ya rasa abin da zai auna maganar da shi, ya rage masa ko ya gaskata ko ya rufe littafin.

A nan ne bambancin littattafan biyu ya fito fili. Mai karatun Faraday na iya kunna kyandir a ɗakinsa ya gwada yawancin abin da aka faɗa masa a laccocin farko, ya zama shaida. Mai karatun Hawking kuwa amana ce kawai ke tsakaninsa da marubuci. Ba abin mamaki ba ne da littafin ya yi suna a matsayin wanda ake saye ba a gamawa, har a 2014 masanin lissafi Jordan Ellenberg ya raɗa wa wani ma'auni na raha sunan Hawking, ma'aunin da ke ƙiyasta inda masu karatu ke tsayawa a littafi. Shi ma Hawking ya sake fitar da sassauƙan bugu a 2005 tare da Leonard Mlodinow. Daɗin daɗawa, littafin da ya tsaya a bakin iyakar ilmi yakan yi saurin tsufa. Bugun farko ya riga binciken 1998 da ya nuna cewa saurin faɗaɗar sararin samaniya ƙaruwa yake yi, ya kuma riga hoton farko na baƙin rami da aka fitar a 2019. Adalci dai shi ne a ce Hawking ya ɗauki kaya mafi nauyi, kuma babobinsa na farko, inda ya bi tarihin tunani daga Aristotle zuwa Galileo da Newton da Einstein, suna da daɗin bi ƙwarai.

4.0 Darasi ga Harsunan Nijeriya

Hujjar da aka saba kawowa a kan ƙarancin littattafan kimiyya da harsunan gida ita ce rashin keɓaɓɓun kalmomi. Wannan ne ya sa aka ba da ƙarfi ga tattara kalmomi, kamar jerin kalmomin kimiyya da lissafi na firamare da hukumar NERDC ta fitar a harsuna tara na Nijeriya. Aiki ne mai amfani, sai dai jerin kalmomi ba ya koyar da kowa dalilin da ya sa wuta ke mutuwa idan an kife ta da ƙwarya. Laccar Faraday ta farko kusan duk ana iya rubuta ta da Hausar kasuwa, domin akwai lagwani da kaki da kitse da tururi da gawayi da harshen wuta. Matar da ke kunna aci-balbal ta san lagwani na shan mai, maƙerin da ke aiki da zugazugi ya san iska ce abincin wuta. Abin da suke nema shi ne wanda zai jera musu saninsu ya kai su ga dalili, a ƙarshe ya ce musu sunan wannan iska oksijin.

Akwai shaida a gida cewa hakan mai yiwuwa ne. A ƙarshen shekarun 1940 Rupert East da Abubakar Imam suka fitar da Ikon Allah a Zariya, littafin da ke bayanin halittu iri-iri da Hausa, tun kafin a kafa kwamitocin ƙirƙirar kalmomi na baya-bayan nan. A 1970 kuma Farfesa Babs Fafunwa ya jagoranci shirin Jami'ar Ife na koyar da yaran firamare shekara shida da Yarabanci, har da kimiyya da lissafi, kuma yaran ba su gaza takwarorinsu da aka koyar da Ingilishi ba. Har ila yau, kalmomi irin su tauraron ɗan'adam da kumbo da ƙwayar cuta da ɗumamar yanayi sun zauna a bakin Hausawa ne saboda an yi ta amfani da su cikin bayani a rediyo da jarida, inda mai sauraro ya fahimci abin tare da sunansa.

Darasin da ke cikin littafin Hawking kuwa gargaɗi ne ga mai fassara. Yawancin sunayen da suka shahara a kimiyyar sararin samaniya su kansu siffantawa ce. Abin da ake fassarawa da baƙin rami ba rami ba ne, dunƙulallen abu ne mai tsananin nauyi wanda ko haske ba ya kuɓuce wa jansa. Sunan da ake fassarawa da babbar fashewa kuwa Fred Hoyle ne ya fara furta shi a rediyo a 1949, shi da bai ma yarda da ra'ayin ba, kuma sunan na sa a zaci wani abu ne ya tarwatse a cikin fili, alhali filin ne da kansa ya faɗaɗa. Mai fassarar da ya juya irin waɗannan sunaye kalma da kalma ya tsaya a nan, ya kwaso kuskuren fahimtar da ke cikin Ingilishi ya dasa shi cikin Hausa.

5.0 Kammalawa

An ga cewa Faraday yakan gabatar da abu, ya tayar da tambaya, ya warware ta, sannan ya kawo suna, kuma wannan tsari ne ya sa littafinsa ya jure fassara da tsawon zamani. An kuma ga cewa inda batu ya fi ƙarfin gwaji, kamar na Hawking, kamance ya zama dole, amma wajibi ne marubuci ya nuna inda kamancen ya ƙare. Bisa ga haka, ma'aunin da ya dace a riƙa auna duk littafin kimiyya na gama-gari da shi, da Hausa ne ko Yarabanci ko Ibo ko Kanuri, shi ne ko mai karatu zai iya bayyana wa wani dalilin abin da ya karanta da kalmominsa na kansa. Ya dace sassan nazarin harsunan Nijeriya su haɗa gwiwa da tsangayoyin kimiyya na jami'o'insu a rubuta ƙananan littattafai a kan abubuwan da ke gaban jama'a, kamar murhu da randa da rini da hazo da kusufin wata, a bar kalmomin su fito daga cikin bayanin, sannan masu ƙamus su biyo baya su tattara waɗanda suka karɓu.