Alkawari da Tsawon Jira: Nazarin Labarin Ibrahim a Littafi Mai Tsarki na Hausa

Idan manazarta suka tashi ba da tarihin rubutaccen zube na Hausa cikin boko, galibi daga gasar 1933 suke farawa, wadda ta haifar da Ruwan Bagaja da Ganɗoki da Shaihu Umar. Ba kasafai ake tuna cewa tun a 1932 an riga an buga cikakkiyar fassarar Littafi Mai Tsarki da Hausa ba, aikin da Dakta Walter Miller na Zariya ya jagoranta tare da wasu 'yan mishan da Hausawan da suka taya su, aka kuma fito da sabuwar fassara a 1979. A nan kudancin Jigawa, daga Birnin Kudu har zuwa ƙauyukan Gwaram da ke iyaka da Bauci, littafin nan ake karantawa a coci ranar Lahadi, har ga waɗanda Hausa ba harshensu na gado ba ne. Littafin da ya shekara fiye da 90 yana shiga kunnen jama'a ya cancanci mai nazari ya waiwaye shi.

Tun farko mu faɗa wa mai karatu, ba muhawarar tauhidi ta kawo mu ba. Sanannen abu ne cewa mafi yawan malaman Musulunci sun tafi a kan Annabi Isma'ila ne aka umarta a yanka, alhali Littafin Farawa Ishaku ya ambata. Wannan na malamai ne. Mu abin da ya dame mu shi ne yadda aka sarrafa jigon biyayya da dogaro ga alkawarin Allah, domin a nan ne alƙaluman marubutanmu suka fi yin tuntuɓe.

Duk wanda ke duba rubuce-rubucen da ɗalibai da sababbin marubuta ke kawowa, ko ya kalli wasannin kwaikwayon da matasan coci ke shiryawa lokacin Kirsimeti, ya san cutar da muke nufi. Yarinya ta bi maganar iyaye a babi na uku, a babi na huɗu ta auri mai Marsandi. Ma'aikaci ya ƙi cin hanci da safe, kafin la'asar an ƙara masa girma. Biyayya ta zama adashi ke nan, ka zuba yau ka kwasa gobe. Mai karatu kuwa ba yaro ba ne, ya san ba haka duniya take ba, shi ya sa yake ajiye littafin bai gaskata ko shafi ɗaya ba.

To, dubi Littafin Farawa. A sura ta 12 Ibrahim na da shekara 75 aka ce ya bar Haran, aka yi masa alkawarin ƙasa da zuriya. Ba a haifi Ishaku ba sai a sura ta 21, yana da shekara 100. Shekara 25 ke nan, kuma ba a tsallake su da cewa bayan wani lokaci ba, an sa mai karatu ya zauna cikinsu. Yunwa ta kora shi Masar. Saratu ta gaji da jira ta ba shi baiwarta Hajaratu, aka haifi Isma'ilu yana da shekara 86, gidan ya rikice da kishi irin wanda kowane Bahaushe zai gane. Shi kansa ya yi dariya a sura ta 17 da aka sake jaddada masa alkawarin, matarsa ta yi tata a sura ta 18. Wato tauraron labarin mutum ne mai gajiya da shakku, kuma wannan ne ya sa biyayyarsa take da nauyi.

Inda gwanintar ta fi fitowa shi ne sura ta 22. An umarce shi ya miƙa ɗan da ya jira tsawon waɗannan shekaru. Da marubucinmu ne, da an cika shafi biyar da hawaye da zancen zuci da bugun ƙirji. A nan kuwa ayyuka kawai aka jera: ya yi sammako, ya ɗaura wa jaki kaya, ya faskara itace, ya ɗauki barori biyu. Tafiyar kwana uku, ba a gaya mana abin da ya raya a ransa ba ko sau ɗaya. Yaron ya yi tambaya guda game da ɗan ragon hadaya, uban ya amsa a taƙaice, suka ci gaba da tafiya. Saratu ma ba a ambace ta ba sam. Wani manazarci Bajamushe, Erich Auerbach, ya buɗe littafinsa Mimesis na 1946 da wannan sura, ya gwada ta da salon Homer na Girka mai bayyana komai filla-filla, ya nuna cewa abin da aka yi shiru a kansa shi ke riƙe mai karatu. A ganinmu wannan shiru ba baƙo ba ne a wurin Bahaushe, shi ne kara da kunya, irin na uban da ba ya kiran sunan ɗan fari.

Ta fuskar fassara akwai riba, akwai hasara. Ribar ita ce kalmar bangaskiya. Ginin ta irin na ban ruwa da ban hannu ne, wato ba da gaskiya, abu ne da mutum ke miƙawa daga hannunsa, ya kuma dace da labarin da aka gina kan aiki. Hasarar kuwa, sunan Ishaku a Ibrananci daga kalmar dariya ya fito, don haka duk dariyar nan ta uba da uwa wasa ne da sunan yaron. Kunnen Bahaushe ba ya jin wannan sai an yi masa bayani.

Sai sura ta 23, wadda masu wa'azi kan wuce da sauri, mu kuwa ita ta fi burge mu. Saratu ta rasu tana da shekara 127, mutumin da aka yi wa alkawarin ƙasar Kan'ana gaba ɗaya ba shi da inda zai binne matarsa. Dole ya shiga ciniki da Efron Bahitte kan kogon Makfela. Duk wanda ya taɓa sayen gona a Gwaram zai yi murmushi: mai fili ya fara da cewa kyauta ya bayar, sa'an nan cikin ladabi ya saka kuɗin a tsakiyar magana, shekel 400 na azurfa, Ibrahim ya auna ya biya bai nemi ragi ba. Har ya rasu yana da shekara 175, filin kabarin nan shi ne abin da ya saya a ƙasar alkawari. Marubucin Wasiƙar Ibraniyawa bai ɓoye wannan ba, a sura ta 11 ya ce su Ibrahim sun mutu ba su karɓi abin da aka alkawarta ba, daga nesa suka hango shi.

Ba sai marubucinmu ya je Kan'ana neman irin wannan labari ba. Manomin da ya yi binne a busasshiyar ƙasa kafin saukar ruwa, da irin da ya rage masa a rumbu, yana nan tsakanin Birnin Kudu da Gwaram kowace bazara. Wata shekara ruwan ya zo a kan kari, wata shekara irin ya ƙone a ƙasa ya sake neman wani. Har yanzu ba mu ga wanda ya kawo mana labarinsa a rubuce ba tare da ya sa hadari ya haɗo a shafi na gaba ba.